Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Sabuwar Ƙaramar Bindiga Take Cijewa?

TAMBAYA: Ni manomi ne a Gangara, ƙaramar hukumar Jibiya. Ƙanena ɗan sanda ne. Da ya zo ganin gida sai muka ji yana cewa sabuwar ƙaramar bindiga, wadda suke kira fistol, ba a sakankancewa da ita sai an hore ta da harbi, kamar yadda ake lallaɓa sabon babur. Daga nan gardama ta kaure a majalisarmu. Wasu suka ce in sabuwar bindiga ta cije to jabu ce. Wasu suka ce ai wanda aka auna ne yake da maganin bindiga. Wani kuma ya ce maƙeri zai iya goge cikinta ta yi laushi. Ina gaskiyar take? Sannan da halin da muke ciki a wannan yanki, mutum irina zai iya mallakar ta?

AMSA: Na ji daɗin wannan tambaya, kuma ina gaida 'yan majalisarku baki ɗaya. Matambayi ba ya ɓata. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: dalilin da ke sa sabuwar fistol ta yi gardama, ko gyaran hannu yana ƙara mata kyau, da kuma abin da doka ta ce game da mallakarta. Bari mu bi su daki-daki.

Mu fara da sanin ita kanta bindigar. Ƙananan bindigogin hannu iri biyu ne manya. Akwai libarba, mai ɗan gangan da ke juyawa, kowane rami da harsashinsa. Akwai kuma wadda ƙanenka yake magana a kai, wadda harsasanta suke jere a cikin wani ɗan akwati da ake cusawa ta cikin mariƙinta. Wannan akwatin shi ne gidan harsashi, ma'aikata suna ce masa magazin. Mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin bindiga mai sarrafa kanta, irin wadda in an danne kunama take ta zuba wuta. Ba haka take ba. Abin da take yi da kanta ɗaya ne tak: bayan kowane harbi takan fitar da kwanson da ya ƙone, ta ɗora sabon harsashi. Amma ba za ta sake tashi ba sai an saki kunamar an kuma ja. Ja ɗaya, harsashi ɗaya.

Wannan fasaha ta haura shekara ɗari. A 1893 aka fitar da ta Hugo Borchardt a Jamus, wadda take cikin na farko da suka shiga kasuwa. Sai John Browning, Ba'amurke, wanda sojojin Amurka suka karɓi ƙirarsa a 1911. Wata ƙirar da ya fara, aka kammala bayan rasuwarsa, ta fito daga masana'antar FN ta ƙasar Beljiyam a 1935, ta kuma yaɗu a rundunonin ƙasashe masu yawa. A farkon shekarun 1980 kuma Gaston Glock na Ostiriya ya fito da mai gangar jikin roba mai ƙarfi. Sunaye sun bambanta, amma yawancinsu tsarin aikinsu ɗaya ne.

Ga yadda abin yake. In an ja kunama, wata 'yar allurar ƙarfe takan daki gindin harsashi. Albarushin da ke cikin kwanso sai ya kama da wuta, iskar da ya haifar ta ingiza kan harsashin ta cikin bututu da gudun da sau da yawa yakan wuce mita 300 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne kuma yake tura marfin saman bindigar baya. Wannan marfi a kan wasu siraran layuka biyu yake zamewa. Yana komawa baya sai wani ɗan ƙugiya ya fizgo kwanson, ya cilla shi gefe. Sifirin da ke ƙarƙashi kuma ya dawo da marfin gaba, a hanya ya kwaso sabon harsashi daga gidansa ya zura shi a ɗakin bututu. Duk wannan kafin ƙiftawar ido ya auku. Ka ga ke nan aikin na ma'auni ne. In ƙarfin turawa ya gaza, ko wani abu ya riƙe marfin ko da kaɗan, sai kwanso ya maƙale a ƙofa, ko sabon harsashi ya tsaya a karkace. Wannan shi ne cijewar da kuke gardama a kanta.

To me ya sa sabuwa ta fi saurin yin haka? Dalili na farko ƙarfen ne. Injin da ya yanka shi a masana'anta yakan bar ƙananan zane da kaushi waɗanda ido ba ya gani sosai, amma in ka bi da farce za ka ji su. Wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe ba su riga sun saba da juna ba. Na biyu, sifirin sabo yana da tauri, na marfi da na gidan harsashi duka. Wanda ya taɓa cika sabon gidan harsashi ya san yadda na ƙarshe yake wahalar shiga har babban yatsa ya yi ja. Na uku shi ne man da ake shafe ta da shi kafin a sa a kwali. Galibi maiƙo ne mai kauri, an yi shi don hana tsatsa a doguwar tafiyar jirgin ruwa da zaman ma'ajiya. In ba a wanke shi ba, shi kansa yakan rage wa marfin gudu.

Saboda haka kwatancen ƙanenka da sabon babur ya yi daidai. Ɗan acaba ya san sabon inji ba a matsa masa a kwanakin farko, kuma ana saurin juye baƙin mai na fari, domin ƙarafan ciki suna cin juna har su zauna. Horon bindiga ma ma'anarsa ke nan. A inda ake aikin bisa ƙa'ida, mai kula da makamai yakan kwance ta, ya wanke maiƙon masana'anta, ya ɗiga mata mai mara kauri daidai gwargwado, sannan a je filin koyon harbi a yi ta harbawa ana lura ana rubutawa. Wasu kamfanoni sukan rubuta a littafin da ke zuwa da bindigar cewa a harba tsakanin harsashi 200 zuwa 500 kafin a dogara da ita, musamman waɗanda aka ƙera a matse ƙwarai. Wasu kuwa, irin waɗanda ake yi wa sojoji da 'yan sanda, an bar musu ɗan sarari tsakanin ƙarafa don su yi aiki tun ranar farko, ko cikin ƙura ko cikin laka.

Akwai abin da ya fi laushin ƙarfe muhimmanci a wannan harbin farko. Gwaji ne. Shi ke nuna ko akwai aibi daga masana'anta, tun kafin ranar da rai zai dogara da ita. Kuma shi ke horar da mai riƙon. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa bindiga na hannu ne. In mutum ya riƙe ta sako-sako, wuyan hannunsa ya lanƙwashe lokacin da ta tashi, hannun ya shanye ƙarfin da ya kamata ya tura marfi, sai ta cije. A miƙa wa ƙwararre ita ɗin dai, ka ga tana tafiya lafiya lau.

Sauran masu laifin su ne gidan harsashi da ya lotse ko sifirinsa ya gaji, da harsashin da ya tsufa ko ya sha danshi, da kuma datti. Ku da kuke bakin iyaka kun fi kowa sanin ƙurar hunturu, wadda take shiga har cikin kwanon da aka rufe. In aka cika wa bindiga mai, ƙurar nan takan haɗu da shi ta zama wani baƙin kwaɓi a kan layukan marfi. Shi ya sa a ƙasashe masu rairayi ake koya wa sojoji su rage mai a inda ƙura ke sauka, su yawaita gogewa.

Yanzu ka koma wa 'yan majalisa da amsa. Wanda ya ce jabu ce bai yi nisa da gaskiya ba, domin lallai akwai na jabu, ana buga musu sunan manyan kamfanoni. Sai dai cijewa kaɗai ba ta isa shaida ba, tunda ta asali ma tana iya yin haka a farkon rayuwarta. Maganar maganin bindiga kuwa, na san abu ne da mutanenmu suka daɗe suna ji daga bakin manya, kuma ba na raina mai faɗa. Amma a duba wannan: a filin koyon harbi, inda abin da ake auna allo ne da takarda, bindiga tana cijewa, a buɗe ta a ga dalilin da ido, a gyara, ta ci gaba. Jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin waɗanda suka rasa ransu wajen gwajin maganin bindiga, wani lokaci ma a hannun ɗan'uwansu ko amininsu. Ina roƙon duk wanda wannan amsa ta isa gare shi, kada ya yarda a gwada a jikinsa, kada kuma ya gwada a jikin kowa.

Bindigar da ta cije ta fi kowace haɗari, domin a lokacin ne mutane suke sakin jiki. Wani harsashin yakan yi jinkirin tashi, a ja kunama a ji shiru, mutum ya juyo bakin bindigar yana leƙawa, sai ta tashi. Wani kuma albarushinsa ya yi rauni, kan harsashin ya tsaya a tsakiyar bututu. In aka sake harbi a kansa, bututun yana iya fashewa a hannun mai riƙo. Sannan ga kuskuren da ya fi cin rayuka a gidaje: a zare gidan harsashi a ɗauka bindiga ta zama fanko, alhali akwai guda ɗaya kwance a ɗakin bututu. Wannan ne ya sa darasin farko da ake koya wa kowane ɗan sanda da soja shi ne ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada ya nuna bakinta ga abin da ba ya nufin harbi, kada yatsansa ya kusanci kunama sai lokacin harbi. Ka tuna wa ƙanenka, in ya shigo gida da makamin aiki, kada ya ajiye inda yara za su kai hannu. Harsashin fistol yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya, kuma wanda aka harba sama wajen biki yana dawowa ƙasa da ƙarfin da zai iya kisa.

Sai batun maƙeri. Gaskiya ne akwai abin da ake kira daidaita bindiga. Mafi yawansa gyaran saiti ne, wato 'yan ƙarafan nan biyu na sama da ake auna abu da su, don harsashi ya sauka inda ido ya nufa. Akwai kuma sauya sifirin da ya gaji. Masu gasar harbi a Turai da Amurka sukan kai nasu wurin ƙwararru a rage nauyin kunama. Amma aiki ne na wanda ya yi karatunsa, yake da ma'aunai masu auna abin da bai kai kaurin gashi ba. Maƙeranmu gwanaye ne, su suka riƙe noma da garma da fartanya da lauje, kuma sun gaji ƙira tun kaka da kakanni. Sai dai cikin fistol akwai wani ɗan haƙori da ke riƙe da ƙarfen da ke sa allurar nan ta daki harsashi, abin da ya kama bai taka kara ya karya ba. Fatar ƙarfen wurin an ƙona ta ta yi tauri. In magagari ya ci wannan fatar, ƙarfen da ke ƙasa mai laushi ne, zai yi ta cinyewa. Ƙarshenta bindiga ta riƙa tashi da kanta in ta faɗi ƙasa, ko a cikin aljihu, ko ta saki harsashi biyu a ja ɗaya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Saboda irin wannan ne jami'in tsaro ba shi da izinin taɓa cikin makamin da aka ba shi. In ya ga matsala, ma'ajiyar makamai yake mayarwa.

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ce ta fi damunka. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma take aiki har yau, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu. A nan aka sa manyan bindigogin yaƙi, da masu sarrafa kansu, da gurneti, kuma a nan ɗin dai aka sa libarba da fistol kowace iri. Ba mai ba da lasisin wannan kashi sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin bindigogin farauta masu baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin bindigar toka ta maharbanmu, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da amincewar gwamna. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Harsashi ma sai da izini. Ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba laifi ne, wato maƙerin da ya karɓi aikin shi ma ya jefa kansa cikin matsala. Wanda aka kama da bindigar kashi na farko ba lasisi, hukuncinsa ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba.

Mutane sukan yi mamakin yadda ƙaramar bindiga ta shiga sahu ɗaya da manyan makamai. Dalilin shi ne ƙanƙantarta. Tana ɓuya a ƙarƙashin riga, a shiga da ita kasuwa ko masallaci ba wanda ya sani. Ku kuma da kuke kusa da Magama, hanyar Ɗan Isa da Maraɗi a gabanku, ku riƙe wannan: lasisin wata ƙasa ba ya aiki a wata, kuma tsallaka iyaka da makami laifin fasa-ƙwauri ne a ɓangarorin biyu. Tun 2006 ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, a 2021 kuma Najeriya ta kafa cibiya ta musamman don wannan aiki a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Na san za ka ce, ai a garin Jibiya ne, cikin watan Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. Haka ne. A watan Yunin 2022 ma gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Maganganun nan sun fito ne daga zafin abin da ke faruwa, kuma ba wanda ya san Jibiya da Batsari da Safana zai ce zafin ƙarya ne. An kashe mutane, an sace mata da yara, an kore shanu, gonaki sun koma saura. Amma jawabin gwamna ba ya sauya dokar tarayya. A gaban alƙali, takardar lasisi ake tambaya.

Ko da an ajiye doka gefe, ina so ka auna abin da idon basira. Fistol makamin kusa ne. Ko a hannun wanda ya ƙware, amfaninta bai cika wuce mita 50 ba, alhali bindigar AK-47 da 'yan ta'adda suke ɗauka tana cin mita 300. Sannan ka tuna duk abin da muka faɗa a sama. Bindigar da aka saya a ɓoye ba ta da littafi, ba a san hannu nawa ta bi ba, ba a san ko an yi kisa da ita a wani gari ba. Mai ita ba shi da filin gwaji. A ina manomi zai harba harsashi 200 a Gangara ba tare da gari ya watse, mata sun goya yara sun nufi daji, jami'an tsaro sun iso ba? Ke nan zai ajiye abin da bai taɓa gwadawa ba, bai kuma koyi riƙonsa ba, a ɗakin da 'ya'yansa suke kwana. Kuɗin da ya biya kuma ya tafi aljihun dillalan da suke sayar wa mutanen daji.

Hanyar da ta fi tsira ita ce ta haɗin kai a ƙarƙashin hukuma. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, wadda ake ɗaukar 'ya'yan yankunan da abin ya shafa, a horar da su, su yi aiki tare da sojoji da 'yan sanda. Matashin da yake da zuciyar kare garinsu, ga ƙofa nan. Maharbin da ya gaji bindigar toka ya je ofishin 'yan sanda na yankinsa, ta hannun mai unguwa ko dagaci, ya ji ƙa'idar da ake bi. Sauran jama'a kuma suna da aikin da bai gaza riƙon bindiga ba: lura da baƙuwar fuska, toshe bakin masu kai wa ɓarayi rahoto, da isar da labari ga hukuma da wuri.

A taƙaice, ɗan'uwa, ƙanenka ya faɗi gaskiya. Sabuwar fistol tana iya cijewa saboda kaushin ƙarfe, taurin sifirin, maiƙon masana'anta, harsashi mara kyau ko riƙon da bai ƙware ba, kuma horonta aikin hukuma ne mai filin harbi da ƙwararren mai gyara. Kada a kai ta maƙera, kada a gwada magani da ita, kai kuma kada ka saye ta, domin doka ba ta ba ka ba. Ka karanta wa 'yan majalisarku wannan amsa, in wata tambayar ta taso ku sake aikowa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa gonarsa lafiya.